Motar Baba Mai Koriyar Ƙofa

Inno, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai an idar da sallar isha'i an kwashe kwanuka. Da sanyi takan sa a hura wutar kara a tsakar gidanmu na Boɗinga, ta zauna kan buzunta ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ni kaɗai nake zama nesa da wutar kaɗan, domin kullum akwai abin da nake fiƙewa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye aikin mako guda. A kan karan nan muke faɗa da ita. Ita tana son sa don wuta, ni ina son sa don mota. In ta kama ni ina zaɓe masu kauri daga cikin damin, sai ta ce, "Maigida, ka kasa kawo man itace, karan ma sai ka raba ni da shi? To mu tahi gaban alƙali."

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma a unguwarmu babu wanda ya kai ni iya motar kara. Sauran yara sukan haɗa akwati mai taya huɗu su ɗaura zare su ja. Ni ba na jan tawa, ajiyewa nake yi. Nakan feɗe kara da reza, in ware ɓawon daban, totuwar daban. Totuwa ita ce katako, ɓawon in fiƙe shi ya zama ƙusa, inda ake son ƙarfi kuma in sa ƙayar aduwa. Taya daga tsohon silifa nake yanka ta, in zana mata zane da bakin reza mai zafi. Fitila marfin kwalba ce, madubi kuwa takardar sigari mai ƙyalli. Launi ma ina da nawa: gangamau don rawaya, shunin wanki don shuɗi, karan dafi don ja, ganyen wake in murje shi don kore.

Mota ɗaya nake ta maimaitawa, wadda Baba ke tuƙawa. Babbar mota ce mai bodin katako, ta wani Alhaji a Sakkwato, tana ɗaukar kaya zuwa Kurmi. Duk ranar da Baba ya kwana gida, sai in kewaye ta ina aunawa. Takun Baba ɗaya a motarsa, gaɓar yatsana ɗaya a tawa. Da haka na san tsawon bodi, da nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da yawan matakan tsanin da ke gefe. Na san inda ake rataye wejin tare taya, da inda yake ɗaure butarsa. Motar rawaya ce mai shuɗin layi, da hoton dabino biyu a baya. Mai fenti ɗaya ke yi wa motocin tasharmu ado, don haka masu irin wannan kwalliya suna da yawa a hanya.

Baba shi ne ɗan farin Inno, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama inda yake, ba ta tambayar lafiyarsa. In ta kama dole, "mai mota" take cewa, tana kallon wani wuri.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta ƙarshen mulkin farar hula na biyu. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, har kara ya zama abin da ake ɓoyewa. Sabulu da madara sai a layi. Kayan gyaran mota kuwa sun ɓace daga kasuwa, direbobi suna cire na matacciyar mota su sa wa mai rai.

Wata ranar kasuwar Shagari, mahaifiyata ta aike ni wurin ƙanwarta da ke aure can. Ina fitowa bakin titi sai na hango motar Baba a tsaye, ta sha lodin albasar Dancadi. Na gane ta tun daga nesa, amma da na matso sai na tsaya. Ƙofar direba koriya ce shar, kamar an ɗinka wa farar riga baƙin aljihu. Baba ya gan ni ya yafuto ni. Ya ce wajen juyawa a fadama ne ya bar ƙofar a buɗe, gawo ya karya ta, kuma laifinsa ne. Wannan ya samo ta jikin wata mota da ta mutu a wani gareji. Ya sayo mini rake, ya dafa kaina ya ce, "Ummaru, ba ka ga komi ba. In na isa Kurmi zan sa a shafe ta da fenti kafin Alhaji ya gani. Ko uwarka kada ta ji." Na ce to. Jabbi, wani magidanci daga ƙetaren iyaka da ke masa yaron mota, ya cire weji ya ɗare baya. Suka nufi kudu.

Tafiyar mako biyu ce. Aka yi uku, aka yi wata. Alhaji ya kai lambar mota wurin hukuma, amma a makonnin nan soja suka karɓi mulki, kowane ofis yana ta kansa. Direbobin da ake tambaya kuwa ba sa riƙe lamba, da kamanni suke sanin mota. Ga shi babu hoton motar, babu na Baba. Baffa Modi, ƙanin Baba, tela ne a kasuwar Boɗinga, shi ya ce zai rufe keke ya bi hanya zango zango. Ranar da yake faɗin haka idonsa ya sauka kan motocina da ke jere a gindin rumbu. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ce in yi masa sabuwa, wadda ba ta bar komai ba, zai tafi da ita a madadin hoto.

Kwana huɗu na yi a kanta. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, ban kuma sake ba. Da na zo kan ƙofar direba, na yanka totuwa na murza mata ganyen wake ta yi kore. Na kafa ta, na ja baya na duba, sai ga motar Baba sak kamar yadda na gan ta a Shagari. Daga nan tsoro ya kama ni. Baffa zai bi ta wurin Alhaji kafin ya tafi. In Baba ya dawo gobe ya tarar na tona shi, ya rasa aikinsa a wannan shekarar, da wane ido zan dube shi? Kuma a raina na ce ai yanzu ya riga ya shafe ta. Na zare koriyar na cusa cikin jinkar ɗakin Inno, na yanka wata na shafa mata gangamau.

Baffa ya sa motar cikin kwali, ya kewaye ta da auduga, ya tafi. Bayan kwana ashirin ya dawo a rame, kwalin ya yi laushi don buɗewa da rufewa. Ya ce ya nuna ta a Jega, ya nuna a Yawuri, ya nuna a Kwantagora har gaba. Ko'ina sai mutane su taru suna yaba aikin, wani ma ya nemi ya saya wa ɗansa, amma amsar ɗaya ce: irin wannan goma suke wucewa kullum. Mahaifiyata ta shiga ɗaki. Inno tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba.

Tun ɓacewar Baba ba a sake tatsuniya a gidan ba. Daren da Baffa ya dawo sai Inno ta ce a hura wuta, ta kuma ce a ɗebo daga karan da take ɓoyewa. Muka taru muna mamaki. Ta buɗe yadda ta saba, "Ga wata nan ta taso, wa ka tarbe ta?" Muka ce mu ne.

Ta ce a wani gari an yi wata yarinya, ita kaɗai ga uwarta. Uwar gurguwa ce, ƙafa ɗaya take ja, kuma ta sha gargaɗin ɗiyar cewa kada ta kuskura ta yi maganar ƙafar nan gaban baƙi. Wata rana uwar ta tafi gulbi wanki ba ta dawo ba. Yarinya ta yi ta nema har wata tsohuwa ta gaya mata cewa a bayan gulbin akwai kasuwa wadda ke ci ranar da babu kasuwa, kuma duk wanda ya ɓace can yake zaune. Yarinya ta je. A bakin kasuwar ta tarar da mai gadi, dogo, ba a ganin fuskarsa. Ya ce mata su ba sa riƙe kowa da ƙarfi, kuma ba sa ƙarya. Ta faɗi kamannin wanda take nema, za su fito mata da shi daidai yadda ta faɗa.

Yarinya ta ce uwarta fara ce, mai wushirya, mai zane uku a kumatu, muryarta sanyi. Mai gadi ya tambaya ko shi ke nan. Ta tuna ƙafar, ta tuna gargaɗin, ta ce shi ke nan. Sai ga mace ta fito, fara, mai wushirya, mai zane uku, tana tafiya tsaf a kan ƙafa biyu. Yarinya ta yi murna, ta ce ashe har warkar da ita suka yi. Ta kama hannunta suka koma gida.

Matar tana daka, tana tuwo, tana shara. Sai dai ba ta cin abinci, kuma in yarinyar ta yi mata magana, murmushi kawai take yi. Inno ta rage murya a nan. Ta ce kullum in magariba ta yi, yarinyar sai ta ji tafiya a bayan danga. Ta buga tafin hannunta a ƙasa, sannan ta ja shi a hankali cikin rairayi. Bugu, ja. Bugu, ja. Mai tafiyar tana kewaya gidan tana laluben ƙofa, ba ta samu, don an riga an shigo da wata a madadinta.

Ƙanwata Ige ta tambaya, to sai aka yi yaya? Inno ta ce barci take ji. Ta tashi ba tare da ta rufe tatsuniyar da kalmar da ake rufewa ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Washegari ta sake sa wuta, ta sake kawo wannan tatsuniyar, kalma bisa kalma, ta tsaya inda ta tsaya. Yara suka yi ƙorafi, ta ce ita ke nan gare ta. A dare na uku, da ta zo wurin da mai gadi ke tambaya ko shi ke nan, ba ta ba da amsar yarinyar ba. Ta shiga gyara wuta da tsinke. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan abu ta ajiye kan buzu a gabanta. Ƙofar ce. Koren ya fara dusashewa.

"Na ishe wagga cikin jinka shekaranjiya, ina neman allura," in ji ta, ba ni take kallo ba, wutar take kallo. "Maigida ba ya ɓata kara a banza. Mi aka yi wa koriyar ƙohwa?"

Na fashe da kuka na faɗi komai, gawon, da garejin, da raken. Baffa Modi yana zaure aka kira shi. Na ɗauka zai mare ni. Sai ya miƙo mini kwalin kawai. A gaban wutar nan na zare rawayar ƙofa na mayar da koriyar, garin haka har na karya madubi ɗaya. Da asuba ya tafi.

Abin da ya samo, a zaure ya faɗa wa maza, ni ina jin sa ta bayan zana. A wani zango gaba da Kwantagora akwai wata mai tuwo da ya nuna wa motar a tafiyar farko, ta ce ba ta sani ba. Wannan karon yana buɗe kwali ta ce, ai mai koriyar ƙofa ne. Ta ce ya ci abinci wurinta jikinsa da zafi, ya tambayi wata hanya ta cikin daji da ake bi don a rage nisa. Can a wani ƙauye ciwon ya kayar da shi, aka sa shi a wata mota aka yi gaba da shi neman magani, ba wanda ya san ko wane gari. Motar Baba kuwa ta yi kusan wata biyu a tsaye gindin wata tsamiya, albasa ta ruɓe har mutanen ƙauyen suka daina bi ta wurin. Jabbi yana nan yana gadinta, kuma shi kaɗai ya san motar da ta ɗauki Baba da inda ta nufa. Kwana goma kafin Baffa ya isa, wasu mutane suka zo da takardu suka ja motar. Jabbi ya tafi a ranar, bai bar sallahu ba.

Wato lokacin da Baffa ya tsaya gaban mai tuwon da kwalinsa a karon farko, Jabbi yana zaune ƙarƙashin motar, tafiyar da ba ta kai ta Boɗinga zuwa Shagari ba.

Baffa ya ƙara tafiya biyu, ya bi asibitoci da masallatai da unguwannin Hausawa na garuruwan da ke gaba. Ba a samu Baba ba, ba a samu kabarinsa ba. Ba a yi zaman makoki ba, domin babu wanda ya ce ya mutu. Babu kuma wanda ya taɓa ɗora mini laifi a gidan, ko da da ido. Inno ta ci gaba da tatsuniya da sanyi ya zagayo, ta gizo, ta kura, ta 'yan mata masu zuwa ɗiban ruwa. Waccan ba ta sake kawo ta ba. Na tambaye ta ƙarshenta sau ɗaya, bayan na shiga sakandare. Ta ce ita ma ba ta sani ba, wanda ya ba ta bai kai ƙarshe ba. Na bincika wurin tsofaffi da dama daga baya, a Sifawa da Dandin Mahe, ban samu wanda ya taɓa jin ta ba. Ina zaton a kwana ɗaya ta ƙaga ta, tana zaune da ƙofar a ƙulle bakin zane.

Na daɗe ina ganin darasin a fili yake: in kana neman mutum, ka faɗe shi yadda yake, da tabonsa da ɗingishinsa, domin in ka gyara shi, wani za a kawo maka. Da na fara aiki a gidan rediyo aka ba ni karanta cigiya, kuma na ga yadda mutane ke zuwa da takarda an rubuta dogo ne, fari, mai hankali. Sai na zaunar da su na yi ta tambaya kafin uwa ta sunkuyar da kai ta ce yana da in'ina, ko ba ya da cikakken hankali. Ba na jin haushinsu. Na san abin da ke riƙe bakin.

Amma da na ƙara girma sai na fara lissafa wani abu da ba na so. Inno ta samu ƙofar, ta gane akwai magana, kuma ba ta kira ni ta tambaye ni nan take ba. Tambayar za ta nuna tana cikin damuwa da ɗan fari, a gaban surukarta da jikoki. Sai ta bi ta tatsuniya, ta ba ni dare uku in faɗa da kaina. Dare ukun ba su ne suka raba mu da Jabbi ba, lissafin bai kai nan ba. Amma ita ba ta san haka ba a lokacin. Ta zauna tana buga ƙasa tana jan hannu, ɗanta yana wani wuri, tana jiran yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya buɗe baki. Ban san abin da daren nan uku suka ci mata ba.

Baffa Modi ya tsufa a kan kekensa. Shekarar da idonsa ya fara kasawa na je gaishe shi, muna zaune mu biyu a shagon, na yi masa tambayar da na riƙe shekara talatin. Na ce, Baffa, da na sa koriyar tun farko, da an same shi?

Ya daɗe yana laluben ramin allura da zare. Sannan ya ce akwai abin da bai faɗa a zaure ba. Mutanen ƙauyen sun gaya masa cewa lokacin da ake ɗora Baba a mota, ya riƙe hannun Jabbi ya ce kada ya aika gida, kada ya aika wa Alhaji, zai warke ya dawo ya gyara ƙofar tukuna. Shi ya sa Jabbi ya zauna wata biyu bakinsa a rufe, alhali motocin Sakkwato suna wucewa a babban titi kullum.

"Ka gani, ɗana," in ji shi. "Abin da ya ce maka shi ya ce wa babban mutum mai iyali, shi ma ya riƙe. Kai mi kaka iyawa?"

Na karɓi allurar na zura masa zaren. A hanyar komawa Sakkwato na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, har na wuce Sifawa. Daga nan sai na tuna cewa Baffa tela ne, aikinsa ke nan ya ga inda ya yage ya rufe yadda ba za a gane ba, kuma yana ƙaunata. Mai yiwuwa haka mutanen ƙauyen suka faɗa. Mai yiwuwa kuma a wannan zaman ya yanka maganar daidai jikina, yana laluben allura. Na yi niyyar in koma in sake tambayarsa, in dube shi ido cikin ido. Sau biyu ina zuwa Boɗinga bayan nan, muka yi hirar damina da tsadar yadi, na tashi na yi masa sallama. Ya rasu kafin azumi.